Wai ni ce na cinye jari

Jiya da daddare wata ƙanwata ta turo mini hoton wani sitatus na WhatsApp, ta ce, "Adda, duba ki gani." Na duba. Ƙwai ne an jera kiret bisa kiret, a ƙasa an rubuta wai kasuwanci ba na kowa ba ne, wasu jari suke cinyewa su ce ƙaddara. Har da 'yar fuskar dariya guda uku. Na yi murmushi na ajiye waya na je na canja wa kajina ruwa. Sai da na kwanta abin ya dawo mini, na sake buɗe hoton na ja shi da yatsu biyu. Kiret na uku daga sama, akwai ɗigon shuɗin fenti a kusurwarsa. Ni na ɗiga shi da hannuna, da tsinken tsintsiya, ina zaune a kan tabarma a tsakar gidana.

Ni dai ban kama sunan kowa ba. Masu kiwon kaji a garin Gombe sun fi a ƙirga, daga Pantami har Tumfure. Amma an ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Tunda an ce na cinye jari, bari in faɗi yadda na ci shi da bakina, ya fi a ji a gidan biki ana ƙara masa gishiri.

Na fara a 2019 da 'yan tsaki 100 a bayan ɗakina. Wanda bai taɓa rainon tsaki ba ya ɗauka wasa ne. Mako biyun farko ba barci, kana tashi tsakar dare kana duba gawayi, in sun taru a jikin murhu sanyi suke ji, in sun gudu bango zafi ya yi yawa. Ga rigakafin Gumboro, ga Lasota, kowanne da ranarsa. Kazar ƙwai sai ta yi kusan wata biyar tana ci kafin ta ba ka ƙwai ɗaya. A haka na lallaɓa, ƙarshen 2022 ina da kaji 800. Buhu huɗu na abinci suke tashi da shi kullum, ni kuma ina kwasar kiret ashirin da ɗoriya. Masu shayin Jekadafari da na wajen Tashan Dukku sun san ƙwaina, wasu tun asuba yaransu ke ƙwanƙwasa ƙofa.

A wannan lokacin ne wata take zuwa gidana. Adda kaza, Adda kaza. Ta zauna ta ci tuwo, ta sha kunu, ta tambayi yadda ake gane kazar da ta daina ƙwai, na kama hannunta na sa yatsunta a ƙugun kaza na nuna mata. Lambar mai kawo mini tsaki ni na ba ta. Ranar da tsakinta suka fara mutuwa ƙarfe goma sha ɗaya na dare ta kira ni tana kuka, na tashi maigidana ya kai ni a mashin. Ba gori nake yi ba, Allah ya sani. Tarihi nake karantowa, tunda na ga alamar wasu ƙwaƙwalwarsu irin ta kaza ce, a ci a goge baki a ƙasa.

Sai aka canja kuɗi. Kowa ya tuna Fabrairun 2023. An tattara tsofaffin 200 da 500 da 1,000, sababbin kuma sai dai ka gani a hoto. Mutum da kuɗinsa a banki ya kwana a layin ATM, masu POS suna sayar wa mutane kuɗinsu da kuɗi, taransifa kuwa in ka tura da safe sai ka yi ta addu'a har magariba. Mai shayi da tsabar kuɗi yake ciniki. Wanda ya saba cewa a fasa masa biyu da indomi ya koma shan ruwan bunu, mai shayin da ke ɗaukar kiret biyar ya koma ɗaya, wani ya rufe teburin gaba ɗaya. Kaza kuwa ba ta san an canja kuɗi ba. Kullum sai ta ci, kullum sai ta saka. Cikin kwana goma kiret sama da 200 suka taru mini, har ƙarƙashin gadon yara. Kafin Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi a farkon Maris, zafin Gombe ya riga ya shigo, ƙwai kuma ba ya jiran hukuncin kotu.

Ban manta wata safiya ba. Na ɗebo ruwa a baho ina jefa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, mai kyau ya nutse, wanda ya lalace ya taso. Suka yi ta tasowa. Ɗana ƙarami yana tafi yana cewa, "Umma, suna iyo!" Da yamma muka haƙa rami a bayan gida muka binne, warin ya yi kwana uku bai bar unguwa ba.

A cikin wannan ruwan ne wata ta zo ta ce tana da hanyar wasu masu kek da za su saya, in ba ta ta kai, kuɗi in an samu. Na ɗora mata kiret 37 a Keke Napep, da kiret ɗin robana masu shuɗin fenti. Na yi mata godiya har da addu'a. Mu bar wannan a nan tukuna.

Ban gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu. Litar da ake saye ƙasa da 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Bayan makonni kaɗan aka saki Naira ta nemi farashinta, dala ta tashi. Masara ta bi, waken suya ya bi, magungunan kaji da ake shigowa da su suka bi. Buhun abincin da nake saye ƙasa da dubu 10 a farkon 2023, kafin 2024 ta ƙare ya wuce dubu 20, sai dai ni ban ma kai can ba.

Ga kuma nawa laifin, don ba zan ɗora wa gwamnati duka ba. Da abinci ya yi tsada na fara haɗa shi da dusa don ya yi auki. Kaji suka rama, ƙwai ya ragu, wanda ake samu ɓawonsa kamar takarda. Na ci bashi na sayi abinci, na sake cin wani na biya na farko. Kuɗin kaji da kuɗin cefane jaka ɗaya nake zuba su, ban taɓa sanin ribata ta gaskiya ba, ganin kuɗi na shigowa kawai nake ɗauka riba. Bashi kuwa na bayar da shi da baki, don kunya. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, tun muna Islamiyya aka karantar da mu, amma sai da na rasa komai na gane da ni ake. Da damina ciwo ya shiga ɗakin, kajin da ba su ƙoshi ba kuwa ba sa jure komai. Ina kwasar gawa da bokiti. Kafin kaka na sayar da ragowar a farashin da har yau ba na son tunawa.

To, ka ji yadda aka cinye jari. Babu leshi a ciki, babu anko, babu gwal. Gwal ɗin ma da nake da shi, 'yan kunnen aurena, su na kai kasuwa na rage bashi.

Faɗuwa a kasuwa ciwo ne da ba a zuwa dubiya. In gobara ka yi, mutane za su zo jaje har da kwanon abinci. In jarinka ne ya karye, sai dai ka ji ana ƙus-ƙus in ka juya baya. Na yi wata biyu ban leƙa ko suna ba. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Barci ya ƙaurace, kai ya yi ta sara, da na je asibiti aka ce jinina ya hau. A lokacin wata tana zagaya masu shayina ɗaya bayan ɗaya tana cewa ai Adda ta rufe, ba za ta sake tashi ba. Cinikin ban ji haushinsa ba, kasuwa ta kowa ce, mai shayi kuma dole ya fasa ƙwai. Ƙarin bayanin da ake yi a kai ne ya yi mini ciwo. Ɗaya daga cikinsu da kansa ya faɗa mini, yana sunkuyar da kai.

Goggona ce ta tashe ni. Ta zo daga Kumo ta same ni a kwance da rana tsaka, ta ce, "Ke, mutuwa aka yi? Tashi ki ɗauko takarda." Muka zauna na rubuta duk wanda yake bi na da duk wanda nake bi, har naira ɗari biyar ban bari ba. Abin mamaki, da na ga adadin a rubuce sai ya fi wanda ke cikin kaina sauƙi, don na cikin kai kullum dare ƙaruwa yake. Ta ce gobe in bi su da ƙafata kafin su biyo ni.

Na fara da Alhajin da nake ɗaukar abinci a wurinsa, shi ne mai kaso mafi tsoka. Na tsaya a bakin shagon na fi minti goma ina gyara mayafi. Da na shiga na faɗi gaskiya, ga abin da ya faru, ga abin da zan iya kawowa duk wata. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Hajiya, ke ce ta farko da ta zo da kanta. Sauran sun canja layi." Ya karanto mini aya ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta ce a jinkirta wa wanda bashi ya yi wa nauyi, ya ce in je in riƙa kawowa a hankali. Wata goma sha huɗu na yi ina biya. Ranar da na kai na ƙarshe ya ja layi a littafinsa a gabana, na fito na samu gefen hanya na yi kukana na more.

Na dawo da kajin nama 50 kacal, da kuɗin adashe, na auna su da ƙaramar Sallar 2024. Su mako shida zuwa bakwai sun isa yanka, kuɗinka ba ya daɗewa a ɗaure. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma tawa ce, ba ta mai bashi ba. Kashin kajin da a da nake ba yara su zubar, yanzu a buhu nake ɗurawa, masu lambu daga Kwadon suna zuwa har gida su saya. Asusun kaji daban, na gida daban, ko maigida ya ranta sai ya sa hannu, yana dariya yana sawa. Yau ina da masu ƙwai 300. Ba su kai na da ba, kuma ba na gaggawar su kai. Ba na ƙara kaza ko ɗaya sai na tabbatar akwai kuɗin abincinta na wata biyu a ajiye.

Wadda ba ta taɓa binne ƙwai da hannunta ba, ban ga abin da za ta koya mini a kan kasuwanci ba. Shekara uku ana cin riba ba gwaninta ba ce, kasuwa ce ba ta waiwayo ki ba tukuna. Na ma ji ƙishin-ƙishin wai wani ɗakin kaji ya fara yin shiru, wai ana fitar da mazuban ruwa bayan isha'i ana kai wa dillalai, hoton da ake ɗorawa ma wai na bara ne. Ban sani ba, ban gani ba, kuma wallahi ba na fata. Na san ɗacin abin, ko maƙiyina ba na so ya ɗanɗana. In gaskiya ne, shawara kyauta: kada a haɗa abinci da dusa, kada a kashe waya, a ɗauko takarda a rubuta. In an rasa wanda za a kira ƙarfe goma sha ɗaya na dare, lambata ba ta canja ba, mashin ɗin maigida ma yana nan.

Sai dai in an zo rubuta masu bin bashi, a tuna da shafin farko. A littafin da Goggo ta sa na buɗe, kowane suna an ja masa layi, wasu sun biya, wasu na yafe don na ga halin da suke ciki. Saura layi ɗaya: kiret 37, Maris 2023. Ban taɓa aika yaro ba, ban taɓa tayar da maganar a gaban mutane ba, mun haɗu a biki ya fi sau biyar muna gaisawa har da rungume-rungume. Kuɗin ƙwan a riƙe, in an samu sarari a kawo, a farashin wancan lokacin ma na yarda, ba na yau ba.

Kiret ɗin robana dai nake so, ina da oda ranar Alhamis kuma nawa sun yi kaɗan. Masu shuɗin ɗigo a kusurwa. A gama ɗaukar hoton a aiko almajiri da su, ina gida har la'asar.