An cire ƙullutu, sai aka ce an gama?

Na saurari muryar nan da ke yawo a WhatsApp, ta "masanin" da ke cewa tunda an cire ƙullutun sankarar mama, gashi da hasken inji dafa mace ne kawai. Sannu likita! A wace makaranta?

In an cire ƙullutun sankarar mama aka bar nonon, rabin aiki aka yi. Wuƙa tana ɗauke abin da ido ya gani. Ƙwayoyin da suka maƙale a sauran naman, hasken injin gashi ne ke kashe su. A 2011 an haɗa bayanan mata sama da 10,000: cikin shekara 10, ciwon ya dawo wa kusan 35 cikin 100 na waɗanda ba a gasa ba, amma 19 kawai cikin waɗanda aka gasa. Rabin aiki, na ce.

"Ai Duwala, inda ake gashin, da nisa daga Garwa." Da nisa kam, kabari ne kusa. Kuma ba dole sai zaman mako biyar na da ba, wato gire 50 (gire shi ne ma'aunin yawan hasken) a zuwa 25. Yanzu gire 40 a zuwa 15 ya wadatar wa mafi yawa, mako uku ke nan. A Ingila, 2020, an nuna gire 26 cikin kwana biyar yana aiki ga mata da yawa. Ku tambayi likita wanne ya dace da mara lafiyarku. Mai ƙarancin shekaru akan ƙara mata 'yan kwanaki a daidai gurbin ƙullutun.

"Yana ƙona fata." Fata takan yi duhu da ƙaiƙayi daga mako na biyu, ta ƙara tsananta bayan an gama, sannan ta lafa. Shi ke nan abin tsoron?

'Yan uwana mata, don Allah: da mikin aikin ya warke a fara gashin, kada a ja watanni. In akwai kimiyo, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara, shi ne gaba. Alamomin da aka zana a fata bayan hoton sikana, kada a goge, da su ake saita inji. In nonon hagu ne, akan sa ki riƙe numfashi don zuciya ta matsa baya. Kada a tsallake rana don biki. Kuma hasken ba ya bin ki gida, ki goya jikanki.

Af, masu raka mara lafiya a jirgin ƙasa na dare daga Ngaundere: ku yankar mata tikitin gado, ba kujera ba, kuma ku daina rataya mata jaka a kafaɗar da aka yi wa aiki.