Ga Ɗaliban Da Ke Kwana A Bakin Kogi

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda aka ba shi ɗaki a ginin da ke kusa da kogi, ya sani ba ruwan da ya sauka a kan rufinsa ne kaɗai ke kawo ambaliya ba. Ana iya tafka ruwa can sama da ku, ko a buɗe ƙofofin madatsa, sai bayan sa'o'i ko kwanaki kogin ya cika a gabanku alhali sararin sama fes yake. Idan hakan ta zo cikin dare, sai dai mutum ya sauko da ƙafa daga gado ya ji ta cikin ruwa.

Daga na gaba ake gane zurfin ruwa. Ku tambayi waɗanda suka riga ku zama, da masu gadi, iya inda ruwa ya taɓa kaiwa. Ku duba gindin bango: shatin laka, fenti mai kumbura, da tsatsa a ƙafar ƙofa duk shaida ne. Ku kafa sanda mai alama a inda ake hangowa daga nesa, a riƙa dubawa safe da yamma. In kogi ya koma ja, yana tafe da itatuwa da shara, kwatoci kuma sun daina janye ruwa, lokacin tashi ya yi.

Mazauna hawan ƙasa, ku kula da banɗaki. Idan kogi ya haura bakin magudana, ƙazantar masai baya take dawowa ta bututu, ta ɓullo cikin gini tun ruwa bai taɓa ƙofa ba. Ruwan nan shi ke yaɗa kwalara da taifot. Kada a sha, kada a wanke kwano da shi, kada mai ciwo a ƙafa ya taka shi.

Ku haɗa jaka ɗaya tun farkon damina: takardun makaranta da katin shaida a naɗe cikin leda biyu, tocila, caja, maganin da kuke sha, da ruwan sha. Ku ɗauki hoton takardun a waya. Littattafai da kwamfuta su koma saman kabad. Wayar wuta mai soket da ake shimfiɗawa a ƙasa, a ɗaga ta. Kowa ya san inda babban makunnin wutar ginin yake, a kashe shi kafin ruwa ya shigo. In ya riga ya shigo, kada wanda ke tsaye a ruwa ya kai hannu.

Abin da ya fi damun mu shi ne ƙarfin halin samari. Ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 30 kuwa yana ɗaga ƙaramar mota. A ƙarƙashinsa akwai ramin kwalbati da murfinsa ya tafi, da macizan da aka koro daga ramukansu. Don Allah, kada ku koma ɗauko waya ko takalmi, kada ku je bakin gada ɗaukar bidiyo. In ruwa ya tare hanya, ku hau bene ku nemi taimako.

Ku zaɓi tudun da za a haɗu, ku bi hanyarsa da rana don ku gane ta cikin duhu. Kowane ɗaki ya san wanda zai ƙwanƙwasa wa maƙwabta, a kuma fara da masu buƙata ta musamman da masu nauyin barci. A can a kira suna ɗaya bayan ɗaya.

Bayan ruwa ya janye, kada a koma sai injiniya ya duba tsagewar bango, mai gyaran wuta ya duba wayoyi. Katifar da ta sha ruwan masai a zubar da ita. Ruwan sha kuma a tafasa shi ya yi aƙalla minti 1 yana tafarfasa, har sai hukumar makaranta ta wanke tankuna ta zuba sinadarin kulorin.