Yaranmu na zana giraf, amma ba su san me mahaɗar ke faɗi ba

Jiya da daddare 'yar yayata da ke aji biyu na babbar sakandare ta kawo mini aikin gida. An ba su y = x² da y = x + 2, an ce su zana giraf su nemo inda suka haɗu. Wallahi zanen ya yi kyau. Ta cike jadawali daidai, ta fere fensiri, ta lanƙwasa sillen tsintsiya ta bi ɗigo-ɗigon da shi har lanƙwasar ta fito sumul. Layi ya ratsa ta a wuri biyu, ta rubuta x = -1 da x = 2. Na ce, "To 'yata, me lambobin nan ke nufi?" Ta yi shiru, can ta ce, "Kawu, haka Malam ya ce mu riƙa rubutawa."

Da abin nan na kwana a raina. Ba laifinta ba ne. Mun mayar da darasin nan harkar neman maki a WAEC da NECO: cike jadawali, auna santimita biyu, zana, karanta. Ma'anar kuwa, ko oho.

Alhali mahaɗa ita ce inda lissafin biyu suka yi baki ɗaya. Na ce ta sa 2 a kowanne, duk suka ba ta 4. Ta sa 3, wannan ya ce 9, wancan ya ce 5. Sun saɓa, shi ya sa a nan layukan suka raba hanya. Da na nuna mata cewa x² - x - 2 = 0 ma amsoshinsa su ne 2 da -1, sai ta zaro ido. Ashe ita a zatonta darussa biyu ne da ba su san juna ba.

Mahaifiyarta na sayar da kunun aya, sai muka koma can. Mu ce ta sayi kula naira 6,000, kowace gora tana cin naira 100, tana sayarwa 250. Layi ɗaya na kuɗin da ke fita, ɗaya na wanda ke shigowa. Suka haɗu a gora 40, kowane ɓangare naira 10,000. Ƙasa da haka uwar kuɗi ba ta dawo ba, sama da haka riba ce.

Kuma dabarar nan ta daɗe. Umar Khayyam, mutumin Nishapur a ƙasar Farisa, tun ƙarni na 11 yake warware lissafin da ke ɗauke da x³ ta hanyar duba inda da'ira da lanƙwasa suka ratsa juna, shekaru sama da 500 kafin Descartes, masanin lissafi ɗan Faransa, ya fitar da aikinsa kan haɗa lissafi da zane a 1637.

Malamanmu, na san aji cike yake maƙil, lokaci kuma bai isa ba. Amma don Allah a ware minti goma a sa yara su mayar da amsa cikin lissafin su gani da idonsu. Mai waya ya buɗe GeoGebra, manhajar zana giraf, kyauta ce, ya matsar da layi su ga mahaɗa biyu ta koma ɗaya, sannan ta ɓace.

Kafin ta tashi ta ce, "Kawu, in aya ta yi tsada gora ta koma cin 130 fa?" Ban ce komai ba. Ta ja sabon layi da kanta, ta ɗago kai ta ce sai Umma ta sayar da 50.