Masu sayar da turare, ku daina rantse mana a kan al'ud

Duk shagon turaren da ka shiga yanzu, sai an miƙo maka 'yar kwalba a ce wallahi al'ud ne na asali, ɗan Kambodiya, kuma kuɗinsa bai kai na yadin shadda ba. Ni ban ƙi turare mai araha ba, ina ma shafa shi. Rantsuwar ce ke damuna.

Duk wanda ya san yadda al'ud ke samuwa ba zai yarda da wannan zance ba. Bishiyar, wadda masana ke kira Aquilaria, a dazukan Asam ta Indiya take fitowa, da Bangaladash da Kambodiya da Biyetnam har zuwa Malesiya da Indonisiya. Idan tana da ƙoshin lafiya, itacenta fari ne, marar nauyi, ba ƙamshin komai. Sai ta ji rauni, ƙwaro ya huda ta ko reshe ya karye, fumfuna ta shiga wurin, sannan take fitar da baƙin ƙaro don ta kare kanta. Ƙaron nan ne ke jiƙa itacen shekara da shekaru har ya yi duhu ya yi nauyi, mafi kyawunsa ma in ka jefa a ruwa nutsewa yake. A daji kuwa bishiyoyi kaɗan ne ke kamuwa, shi ya sa masu nema suka yi ta sare masu lafiya suna duba cikinsu, har a 1995 aka sa nau'in da ya fi shahara cikin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, ba a fitar da shi daga ƙasa sai da takardar izini. Abin da ake wahalar nan a kansa, ake auna mansa da ɗan ƙaramin ma'aunin da ake kira tola, shi ne za a ba ka a kuɗin cefane?

Ɗora ɗan guntun na gaske a kan garwashi ka gani. Zai fara tsattsafo da mai yana 'yar tafasa, ƙamshin ya taso a hankali, ya kama riga ya kwana a jikinta. Na jabu kuwa farin itace ne aka rina aka jiƙa da turaren kamfani, minti kaɗan ƙamshin ya gudu, a bar ka da ƙaurin itace da yajin ido.

Mu masu saye ma da namu laifin. Kowa so yake a ce masa na daji ne, alhali yanzu manoma a Asam da Tailan shuka bishiyar suke yi, su huda ta da kansu su sa mata fumfunar, su jira. Wannan al'ud ne na ƙwarai, kuma bai cinye daji ba. Wanda ke neman koyi da abin da ya zo a Sahihu Muslim, cewa Ibn Umar yana turara al'ud yana cewa haka Manzon Allah (SAW) yake yi, na gona ya wadatar da shi.

Ku dubi matan Maiduguri masu haɗa turaren wuta da humra. Wadda ta san sana'arta za ta faɗa miki, Hajiya, wannan sandal ne da hawi da farce, ga kuɗinsa, kuma layi ake yi mata lokacin biki. Ɗan'uwa mai shago, in haɗi ne ka ce haɗi ne, zan saya kwalba biyu.