Na'urar Da Ba Ta Taɓa Cewa Ta Ƙoshi Ba

A shekarar 2008, kafin wayoyi masu manyan fuskoki su mamaye aljihun kowa, akwai wata 'yar na'ura da samarin Katsina suke kira MP4, wadda take ɗaukar waƙoƙi da bidiyo, kuma duk wanda ya rataya ta a wuya ya bi ta Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Soro da farar waya a kunne, to ya gama shaida wa jama'a cewa kansa ya waye. Yayin daga Amurka ya taso, inda kamfanin Apple ya fitar da iPod a watan Oktoban 2001, mai gigabait 5, wanda aka ce zai ɗauki waƙa 1,000, a kan dala 399, sannan a 2005 ya fito da wanda ake kallon bidiyo a cikinsa. Mu a nan labarinsa kawai muke ji, domin albashin malamin lissafi irina ba ya haɗa hanya da dala 399. Abin da ya iso mana shi ne kwaikwayonsa da wasu ƙananan masana'antu suke yi a ƙasar Sin, wanda 'yan kasuwa suke sarowa daga Kano cikin kwalaye masu sheƙi.

Da aka yi albashi na nufi wani shago a gefen babbar kasuwa, mai shagon ya zaro mini wata ja daga cikin gilashi, ya goge ta da hannun rigarsa, ya ɗora mini a tafin hannu. Na tambaye shi ko iPod ce, sai ya ce, "Malam, ƙanwarsa ce, uwarsu ɗaya, uba ne kowa da nasa." Ya nuna mini bayanta inda aka rubuta gigabait 8, ya ce za ta ɗauki waƙa 2,000. Da yake lissafi ne sana'ata, ban yarda da shi haka nan ba. Na karɓi biro na raba gigabait 8 ɗin, wanda shi ne megabait 8,000, da megabait 4, wato kimanin nauyin waƙa ɗaya, amsa ta fito 2,000 daidai, har na ji mutumin ya ƙara kima a idona. Ya sa suna naira 7,000, muka yi ta ja har muka tsaya a 4,500. Da na nemi takardar garanti, sai ya dafa ƙirjinsa ya ce garantina shi ne, ga shi ga shago, kuma ba ya da niyyar yin hijira.

Da na kunna ta a gida, sai na tarar duk rubutun cikinta da harshen Sin yake. Na yi ta danne-danne ina bin 'yan hotuna har na kai ga jerin harsuna, na zaɓi wani da fatan alheri, sai ta koma Rashanci, wanda bai ƙare ni da komai ba. Ɗan yayata da yake aji biyar na firamare shi ya karɓe ta ya mayar da ita Turanci kafin in gama shan ruwa, ya kuma nuna mini wata 'yar huda a gefenta, ya ce duk lokacin da ta ƙage sai in soka allura a ciki ta farfaɗo. Tun daga ranar mai ɗakina ta fara ɓoye allurorinta. Ba a jima ba kuma kunnen hagu na abin sauraren ya mutu, ba ya dawowa sai na lanƙwasa wayar daidai gindinta na karkatar da kaina wajen kafaɗar dama, na kuma daina motsi. A haka nake tafiya makaranta, har wani maƙwabcinmu ya tsayar da ni ya yi mini sannu, ya ce yana da man zafi mai kyau na ciwon wuya.

Duk wannan bai dame ni ba, saboda na'urar tana da wata baiwa da ta sa nake alfahari da ita. A lokacin masu turi suna zaune ne ƙarƙashin lema a bakin titi, da tsohuwar kwamfuta da ƙaramin janareta, kana biya suna zuba maka waƙoƙi da wa'azi da finafinai. Abokaina da suke kai katin waya sukan dawo suna ƙorafin an ce musu katin ya cika, sai sun goge wani abu kafin a ƙara musu wani. Tawa kuwa ba ta taɓa mayar da hannun kyauta baya ba. An zuba mata waƙoƙin kalangu da na kukuma, an zuba na finafinan Hausa da na Indiya, an zuba wa'azin malamai daban-daban, mai ɗakina ta ba da saƙon kiɗan ƙwarya na wani biki shi ma aka zuba, ita kuwa tana ta karɓa, tana nuna cewa har yanzu da sauran wuri. Yaron da yake yi mini turi yakan kaɗa kai ya ce, "Malam, wannan taka akwai ciki." Gaskiya ne wasu waƙoƙin sukan ƙi buɗewa, wasu kuma su yi tsalle, amma idan mutum yana da 2,000 ba ya tsayawa makokin guda ashirin.

Bidiyo kuwa sai da aka yi masa hidima ta musamman, domin duk da sunanta MP4 ba ta karanta fim sai an juya shi zuwa wani tsari da ake kira AMV, da wata manhaja da ta zo a kan ɗan ƙaramin faifai cikin kwalin. Bayan an juya, fim ɗin yakan fito a fuska mai inci 1.8, wadda babban yatsana yake kusan rufewa, jarumi ya buɗe baki yanzu, maganarsa ta iso bayan ya bar ɗakin. Idan da rana ne a waje kuma ba a ganin komai sai na lulluɓa da babbar riga.

Ana cikin haka aka sa ranar ɗaurin auren wani ɗan uwanmu a Daura, Kawu ya ce in shiga motarsa, wata tsohuwar Fijo 505 da yake ji da ita. Shi yana gaba kusa da direba, ni ina baya a tsakiya, limamin unguwarmu a damana, wani dattijo aminin Kawu a haguna. Tafiyar kimanin kilomita 80 ce, rediyon motar kuma ba ya kama tasha, amma wurin sa kaset yana aiki. Na riga na tanadi kaset ɗin nan mai waya a jikinsa, wanda ake tura shi cikin rediyo a haɗa ɗaya bakin da na'ura, sauti ya fito ta lasifikar mota. Da muka fita gari na gyara murya na ce, "Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, ko in sa mana wa'azi ya rage mana hanya?" Liman ya yi murmushi ya ce Allah ya yi mini albarka, ya ƙara da cewa da samarin yanzu za su yi koyi da ni, da an huta.

Na zaɓi wa'azin da ya dace da tafiyar, wanda malamin yake magana a kan ɓarnar da ake yi a bukukuwan aure. Sauti ya fito tangaram. Malamin ya taɓo almubazzaranci a lefe, dattawa suka ce gaskiya ne. Ya taɓo cakuɗuwar maza da mata, Liman ya ce haka yake. Muna dab da Mashi ya shiga batun kiɗa da rawa da liƙin kuɗi, muryarsa ta ɗaga, ya ce, "Ina tambayar ku, jama'a, mutumin da ya tara makaɗa a ƙofar gidansa, me zai ce..." Bai ƙarasa ba, sai aka ji wani ɗan ƙaramin sauti ƙit, sai guɗa ta tsage motar, ƙwarya ta amsa, zabiya ta ɗauki waƙa tana kiran uwar amarya ta fito ta taka.

Na danna maɓallin tsayarwa, bai amsa ba. Na danna na gaba, na danna na baya, na danne na kashewa har farcena ya yi fari, na'urar ta ƙage a daidai lokacin da ta ga dama, amma bakinta bai ƙage ba. Direba ya kai hannu zai rage sauti, sai ya tuna marfin maɓallin ya daɗe da ficewa, da filaya ake murɗa shi, filayar kuma tana cikin but. Kafaɗunsa na ga suna rawa, ya kafa ido a kan titi bai yarda ya dubi kowa ba. Ana haka kiɗan ya yanke, malamin ya dawo cikin fushi yana cewa, "...wannan shi ne abin da nake gaya muku!" sannan ƙwarya ta sake karɓewa daga inda ta tsaya.

Kawu ya juyo a hankali, ya sauke tabaransa zuwa kan hanci, ya dube ni ya ce, "Kai ɗan nan, shi malamin a wurin bikin ya yi wa'azin?"

Na fizge wayar daga jikin na'urar, lasifikar mota ta yi shiru, amma sai 'yar lasifikar da take jikinta ta ɗauka da siririyar murya. Na tura ta ƙarƙashin cinyata na zauna a kai, zabiya ta ci gaba da waƙa daga can ƙasa, kujerar da Liman yake kai tana ɗan amsawa. Na ce ko akwai mai allura, aminin Kawu ya tambaye ni ko ɗinki za mu yi kuma. Liman ne, ba tare da ya ce uffan ba, ya laluba aljihun gaban rigarsa ya zaro tsinken sakace ya miƙo mini yana kallon taga. Na soka a hudar, fuskar ta yi baƙi, ta sake haske, ta yi mini maraba da harshen Sin. Na ce bari in nemo wani wa'azin, Kawu ya ce, "A'a, bar shi haka nan, wanda muka ji ya ishe mu." Har muka wuce Shargalle muka shiga Daura babu wanda ya ƙara magana, in ban da direba da yake tari a kai a kai. Bayan an shafa fatiha a wani masallaci da ke kusa da Rijiyar Kusugu, na lura labarin ya riga ni zagaya taron, domin mutanen da ban sani ba suna ta miƙo mini hannu suna tambayata ya hanya, suna danne dariya.

Da muka dawo Katsina na kai ta wurin wani mai gyaran waya, ya haɗa ta da kwamfuta, ya sa wata manhaja da take cika ma'ajiyar na'ura da bayanai sannan ta dawo ta karanta su ta ga nawa suka tsira. Da ta gama ya juyo mini da fuskar kwamfutar ya ce ainihin cikinta gigabait 1 ne. Ya bayyana mini cewa akwai wani ɗan ƙaramin sashe a ciki da yake gaya wa kwamfuta girman ma'ajiyar, shi ne aka koya wa faɗin 8. Idan gigabait ɗayan ya cika, ba ta ƙin karɓa, sai ta koma farko ta rubuta sabo a kan tsoho, kamar allon almajiri da ake wankewa a sake rubutu, sai dai ita jerin sunayen yana nan ba ta taɓa shi. Saboda haka sunan wa'azin yana nan daram, farkonsa ma yana nan, amma tsakiyarsa kiɗan ƙwarya ya zauna a kai. Na sake ɗaukar biro na raba 1,000 da 4, na samu 250. Sauran 1,750 ɗin da nake taƙama da su sunaye ne kawai, kuma duk na biya kuɗin turinsu.

Na wuce kai tsaye wurin garantina, na same shi a shago kamar yadda ya yi alkawari. Ya saurare ni har na gama, ya karɓi na'urar ya juya bayanta ya ce in karanta, na karanta gigabait 8. Ya ce da na haɗa ta da kwamfuta nawa ta nuna, na ce 8. Ya ce duk abin da aka zuba mata ta taɓa ƙin karɓa, na ce ba ta taɓa ba. Sai ya buɗe hannuwa ya ce, "To Malam, ni na ce maka za ta ɗauki waƙa 2,000, kuma ta ɗauka. Maganar ta dawo maka da su, wannan ba mu yi ta da kai ba." Ya ƙara da cewa saboda mutuncin da ke tsakaninmu, idan na cika naira 2,000 zai canza mini da wata sabuwa da ta iso mai gigabait 16. Na tambaye shi ko ita ma ƙanwar iPod ce, ya ce wannan ai yayarsa ce.

Mai gyaran ya daidaita mini ita a kan gigabait ɗayanta na gaskiya, ta koma tana cewa ta cika kamar na kowa, mai ɗakina ta gaje ta tana jin kiɗanta a kicin har batirin ya kumbura ya ɗaga marfin baya. Shi kansa iPod ɗin kamfanin Apple ya sanar da daina yin sa a watan Mayun 2022, masu turi da yawa sun naɗe lemarsu, amma a danginmu maganar ba ta tsufa ba. Da aka zauna rabon ayyuka na bikin ƙanwata, Kawu ne ya riƙe takarda yana kiran suna, wane abinci, wane kujeru da rumfa, wane tarbar baƙi. Wata gwaggonmu ta tambaya ko za a ɗauko masu kiɗan ƙwarya don zaman mata, Kawu ya ce ba sai an kashe kuɗi ba, ya nuna ni da biro, ya ce a bar wa Malam wannan, shi nasa har da wa'azi yake haɗawa.