Kuɗin Abuja sun ƙaru amma ramin kasafi shina nan

Jama'a salamu alaikum. Wagga magana da ake ta yi wai tunda anka cire tallafin mai gwamnoni da ciyamomi sun yi kuɗi, matsalar kasafi ta ƙare, ni dai ban yarda da ita ba ko kaɗan.

Awo, tun 29 ga Mayu 2023 da Tinubu yac ce tallafi ya tafi abin da ake raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi can Abuja duk wata ya ƙaru ƙwarai in lamba kake kallo. To amma wace naira? Lokacin dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin ka ce mi ta wuce 1,500 cikin 2024, siminti da gas da kwalta da maganin asibiti duk sunka bi ta a guje, kuma jihar da ta ci bashin waje da dala can Abuja ake zare kuɗin tun ba su iso ba, nairar da ake zarewa kuwa ta ninka fiye da sau uku. Ga mafi ƙarancin albashi ya tashi daga 30,000 na 2019 ya koma 70,000 a Yulin 2024, haƙƙin ma'aikaci ne, bai ma ishe shi ba wallahi, amma nauyi ne da in an ɗauka ba a saukewa.

Nan matsalar take. Abin da jiharmu ta Sakkwato ke kashewa na dindindin ne, albashi, fansho, giratuti, biyan bashi, alawus na masu muƙami, abin da ke shigowa kuwa ba mu ke da iko da shi ba. In an zo rabon asusun tarayya, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba 26.72, ƙananan hukumomi 774 su raba 20.60, mu Sakkwato ba mu da kashi 13 ɗin nan da ake ware wa jihohin da ake haƙo man fetur. Ranar da gangar mai ta faɗi a kasuwar duniya sai malamin firamare na Gudu ko Kebbe ya ji a tukunyarshi. Ai mun gani a 2015, jihohi da yawa sunka kasa biyan albashi sai da Buhari ya ba su kuɗin ceto, kuma mafi yawan kuɗin nan bashi ne ba kyauta ba. Ba maganar jam'iyya nike ba don Allah, gwamnoninmu daga Bafarawa zuwa Wamakko zuwa Tambuwal zuwa Ahmed Aliyu kowa abin da ya tarar kenan, hannu baka hannu ƙwarya, a jira ƙarshen wata.

Sai a ce a ƙara kuɗin shiga na cikin gida. To duba abin da ake kira kuɗin shigar, babban kasonshi harajin da ake cirewa ga albashin ma'aikata ne, su kuwa mafi yawansu gwamnati ke biyansu, ka ga an ba da da dama an karɓa da hagu. Kamfanin siminti na Kalambaina shina ƙasarmu, ƙurar tamu ce, amma harajin ribar kamfani asusun tarayya shike tafiya sai an raba da kowa.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne mutanenmu suna biya, ba wai ba su biya ba. Je ka Illela ranar kasuwa ko Achida ko nan Kara ka ga shanu da raƙuma da awaki, ka ga tireloli na ɗaukar albasa zuwa kudu, babu dabbar da ke shiga ko buhun da ke fita kyauta. Na taɓa raka wani ɗan uwana sayar da raguna a wata kasuwar ƙauye, bakin shiga wani yaro ya tare mu da littafin rasit wanda rana ta cinye har rubutun ba ya karantuwa, ya karɓi kuɗi ya yaga rabi ya miƙo, babu kwanan wata babu lamba. Gaba kaɗan wani ya ce kuɗin turke, shi ko takarda babu, da munka fito kuma ga masu igiya a hanya sun ce na lodi. Ɗan uwan nawa bai ko yi musu ba, cewa ya yi haka ake yi. Kuɗin nan nawa ne ke isa baitulmali? Tambayi kansilanku ka ga ko zai iya ba ka amsa.

Zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, da haraji da jangali ake biyan alƙali da ɗan doka da malamin asibiti, akwai zalunci a ciki sosai, tsofaffi na ba da labarin yadda ake shanya mutum a rana, ba ni cewa a dawo da shi. Amma aƙalla an san gida nawa ke cikin kowace gunduma da abin da ta kawo. Yau da kwamfuta da POS a kowane lungu ba mu san rumfa nawa ke cikin kasuwa ba. Abin takaicin ma a gabas, wajen Isa da Sabon Birni, 'yan bindiga ke aza wa ƙauyuka haraji kafin a yi noma ko girbi, manomin da anka tatsa haka mi za ka ce ya ba hukuma?

Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024 da yac ce a ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba, na yi murna da shi. Amma ko an aiwatar ɗari bisa ɗari ba shi cike ramin, don in an fidda albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da na sakatariya abin da ke saura kaɗan ne, kuma ciyaman da ya saba jiran alat daga Sakkwato zai koma jiran alat daga Abuja kawai.

Ga kuma bashin da ba a faɗi da ƙarfi, giratuti. Mutum ya yi shekara 35 shina aiki ya aje, ya dinga yawo da fayil a hammata daga wannan tebur zuwa wancan. Tun 2004 tarayya ta koma tsarin fansho na adashi inda ake aje kuɗin kowa tun shina aiki, jihohi da yawa har yau suna jan ƙafa, duk ma'aikacin da anka ɗauka bana ba a aje mashi komi ba, bashi ne anka ci da sunan gwamnatin da ba a ko zaɓa ba tukuna.

Ni abin da nike so a fara da shi ba sabon haraji ba ne, talaka ya gaji. A bar kuɗin kasuwa yadda suke, amma a biya su wuri guda da rasit mai lamba da ke shiga asusu kai tsaye, a kori masu igiya, kuma duk ƙarshen wata a liƙa a bangon sakatariyar kowace ɗaya cikin ƙananan hukumomi 23 abin da kowace kasuwa ta kawo da abin da anka yi da shi, ko da rijiya ce da makewayi cikin kasuwar. A tantance ma'aikata da BVN a fidda na bogi, a rage rundunar masu ba da shawara, kuma rarar da ke shigowa yanzu a fara biyan giratutin tsofaffin nan da ita bisa layi, wanda ya riga aje aiki shi riga karɓa, kafin a sake aza harsashin wata sabuwar gada cikin gari.