Aiki da safe, sallama kafin la'asar

Jiya muka kai Baba aka cire masa yanar ido, ƙarfe tara aka shiga da shi, kafin la'asar muna gida yana shan kunu. Goggo kam har yanzu faɗa take yi, wai wannan ai wulaƙanci ne, a taɓa wa dattijo ido ko kwana ɗaya ba a bar shi ya yi a gado ba, ita da ta riga ta ɗaure tabarma da kuloli na zaman jinya.

Ni dai ban ga wulaƙanci ba. Aikin yanar ido na yanzu 'yar tsaga ce ƙarama, a kashe zafin wurin kawai ba sai an sa mutum barci ba, kuma kwanciyar asibiti ita ma tana da nata cututtukan. Amma kar mu yaudari kanmu wai ƙwarewar likitoci ce kaɗai ta kawo wannan sallamar gaggawa, akwai lissafin kuɗi a ciki. A Amurka kafin 1983 inshorar tsofaffi ta gwamnati, Medicare, abin da asibiti ya kashe take mayar masa, to kun ga duk kwanan da mara lafiya ya ƙara ciniki ne. Sai aka ce a'a, kowace cuta da farashinta, ka riƙe shi kwana uku ko goma kuɗin ɗaya ne. Ai kuwa nan da nan gadaje suka fara zama fayau, tiyata da yawa ta koma jeka-ka-dawo.

Mu nan Najeriya namu salon daban. Inshorar lafiya ta gwamnati da aka fara a 2005, wadda dokar 2022 ta sa a ƙarƙashin hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, ta daɗe tana ba asibiti naira 750 kan kowane mai inshorar a wata, ya zo ko bai zo ba, sai kwanan nan aka ƙara. Tiyata da hoton CT ko MRI kuwa sai an jira lambar amincewa daga HMO, wato kamfanin da ke biyan asibiti a madadin inshorar, ga biyan ma sai asibiti ya yi ta bin bashi. Shi ya sa kana nuna katin inshora fuska ta canza, mai tsabar kuɗi kuma a ce bismillah. Ku duba yadda wuraren sikanin suka cika gari, ai saboda nan take ake biya ne, wani ciwon da tambaya da taɓa ciki sun isa sai a ce je ka yo hoto tukunna.

Abin da ke damuna shi ne bayan sallamar. Mu muna cikin gari, gobe da safe za mu koma a cire bandeji. Dattijon da ke kusa da mu daga ƙauye ya zo, an miƙa masa maganin ɗigawa da takarda da Turanci, ɗansa na ta lissafin kuɗin motar dawowa, ba wanda ya karɓi ko lambar wayarsu.